TARON DARA BA YA TSAYUWA SAI DA JADAWALI



Duk wanda ya san ƙasar Dakoro ya san cewa da zarar an gama girbi, an ɗaure dammuna, an kai hatsi rumbu, sai inuwar bedi da ta gawo su cika da maza. Daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, daga Sabon Mashi zuwa kwarin Tarka, da wuya ka ratsa gari da hantsi ba ka tarar da mutum biyu sun share ƙasa, sun tona gurabe 30, layi 5 kowane da gida 6, wannan da tsinke 12, wancan da tsakuwa ko kashin raƙumi 12, jama'a sun yi musu zobe. Wannan ita ce dara, gadon kakanninmu. Ana dasa ɗiya ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sannan a shiga tafiya gida-gida. Wanda ya jera uku a layi ya ci, ya ɗauke ɗa guda na abokin wasansa. Wanda ɗiyansa suka kasa kaiwa uku, an gama da shi. Ba ta bukatar kuɗi, ba ta bukatar kayan waje, amma tana koya wa mutum haƙuri, da lissafi, da hangen abin da zai zo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wani abu da na gani da idona, ya kuma daɗe yana damuna.

A wata shekara da ta wuce, waɗansu matasa na garinmu suka yi niyya mai kyau, suka shirya taron wasanni na kwana biyu: dara, da dam, da ludo, da wasan jera baƙaƙe da ake kira Scrabble. Aka yi shela, labari ya kai ƙauyuka. Wani dattijo da aka daɗe ana jin sunansa a fagen dara ya taso tun da asuba a kan amalanke, ya iso, aka rubuta sunansa. An liƙa wata takarda a bakin ƙofa, an rubuta ta da Faransanci. Dattijon nan ya kira wani yaro ya ce: "Ɗana, duba mini, yaushe zan zauna?" Yaro ya bi layi da yatsa, ya ga an rubuta 14h, ya ce: "Baba, ƙarfe huɗu ne." Dattijo ya tafi gaishe da dangi, ya yi azahar, ya yi la'asar, ya komo ƙarfe 4 daidai. Ya tarar an kira sunansa tun ƙarfe 2, an jira shi, an ba abokin karawarsa nasara, har an wuce zagaye na gaba. Bai ɗaga murya ba. Ya tattara tsinkayensa, ya sa a aljihu, ya hau amalanke. Da aka sake yin wani taro, ba a gan shi ba, kuma babu ko mutum ɗaya da ya zo daga ƙauyensu.

Wa za a ba laifi? Yaro ya karanta iyakar saninsa. Matasa sun bi dokar da suka rubuta. Dattijo ya cika lokacin da aka faɗa masa. Laifin yana ga wani abu da dukanmu muka raina, wato jadawali, wanda ma'aikata ke kira porogaram. Ra'ayina a nan guda ne: jadawalin taro alkawari ne tsakanin masu shiri da jama'a. Wajibi ne a rubuta shi da harshen da mutane ke ji, wajibi ne mu koyi karanta shi, wajibi ne kuma a cika shi.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE KE YI

Kada wani ya ɗauka tara mutane domin wasan zaune aikin banza ne. A birnin Esen na ƙasar Jamus, tun shekarar 1983 ake yin babban taron wasannin kan tebur, kwana huɗu a watan Oktoba, kuma a 2024 an ƙirga masu shiga sama da 200,000. A birnin Kan na Faransa, tun 1986 ake yin bikin wasanni na ƙasa da ƙasa. A Amurka akwai taron da ake kira Gen Con. An fara shi a 1968 da mutum kusan 100 a wani ƙaramin gari, daga 2003 ya koma birnin Indiyanafolis. A 2023 mutum sama da 70,000 suka halarta, kuma wasanni da zama iri-iri da aka tsara cikin kwana huɗu sun wuce 20,000.

Yaya mutum 70,000 za su sami wurin zamansu ba tare da hargitsi ba? Da jadawali. Tun watanni kafin ranar ake fitar da shi. Kowane wasa yana da lambarsa, da sunansa, da ranar da za a yi shi, da lokacin farawa, da tsawon da zai ɗauka, da ɗakin da za a zauna, da yawan kujeru, da shekarun da ake bukata, da bayanin ko na gwanaye ne ko na masu koyo. Mutum yana gidansa zai zaɓi abin da yake so, ya kama kujerarsa, ya lura kada wasa biyu su haɗe masa a lokaci guda, ya bar wa kansa sararin cin abinci da na tafiya daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Ƴan Afirka ma sun nuna kansu a irin waɗannan fagage. Baba Si na ƙasar Senegal ya gagara a wasan dam, har aka tabbatar masa da kambin duniya na 1963, ko da yake sai a 1986 aka yi haka, bayan rasuwarsa a 1978. A 2015 Wellington Jighere na Najeriya ya ci gasar duniya ta Scrabble a ƙasar Ostareliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka a gasar Ingilishi. Babu ɗayansu da ya kai inda ya kai ba tare da ya zauna a kujerar da aka rubuta masa ba, a lokacin da aka rubuta.

YADDA AKE KARANTA JADAWALI

Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, kada takarda mai layuka ta ba ku tsoro. Ku dube ta da kyau, za ku ga fagen dara ce aka zana. Akwai layin kwance, akwai layin tsaye, inda suka gamu nan ne gida. A saman kowane layin tsaye an rubuta abin da ke cikinsa: nan lokaci, nan suna, nan wuri. Kowane layin kwance kuma wasa guda ne. Sai mutum ya nemi sunansa ko lambarsa, ya ɗora yatsa ko tsinke, ya bi layin daga hagu zuwa dama ba tare da ya zame sama ko ƙasa ba. Wanda idonsa ke ganin uku za su jeru tun saura tafiya huɗu, wannan ba zai gagare shi ba.

Tambaya shida mutum zai yi wa takarda. Wane wasa ne? Wace rana, ƙarfe nawa? Tsawon wane lokaci zai ɗauka? A wane wuri, kuma a fage mai lamba nawa? Da wa zan kara? Wane sharaɗi aka sa, na shekaru, ko na kuɗin rubuta suna, ko na makara? In ya sami amsa shida, ya gama karatu. In ɗaya ta ɓace, ya tambayi masu shiri tun kafin a fara, domin matambayi ba ya ɓata.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta kā da dattijonmu. Takardun ma'aikata suna ƙirga awa 24 a jere, daga tsakar dare zuwa tsakar dare. Mu kuwa a baki muna ƙirga 12 sau biyu. Dabarar mai sauƙi ce: duk lambar da ta wuce 12, a ɗebe mata 12. Ke nan 13h ƙarfe 1 ne na rana, 14h ƙarfe 2, 16h ƙarfe 4 na yamma, 20h ƙarfe 8 na dare. Lambar da ke bayan baƙin h minti ce: 16h30 shi ne ƙarfe 4 da rabi. Wannan darasi ba ya cin rabin awa a aji, amma amfaninsa bai tsaya ga wasa ba. Da shi ake karanta takardar tashin mota, da ranar komawa likita, da sammacin taro a ofishin perefe.

IRIN TSARIN GASA

Bayan lokaci, abu na biyu da ke rikita mutane shi ne yadda ake haɗa ƴan wasa. Wanda bai gane tsarin ba, in aka fid da shi sai ya ce an yi masa maguɗi. Bari mu ɗauki misali: ƴan dara 32, fage 8, mu ƙaddara kowace karawa rabin awa.

Na farko shi ne sili ɗaya ƙwale: wanda aka ci sau ɗaya ya fita. Daga 32 a koma 16, sai 8, sai 4, sai 2, sai gwani. Zagaye 5 ke nan, karawa 31, kuma cikin awa 3 an gama. Yana da sauri, amma ba shi da tausayi. Rabin jama'a za su koma gida bayan zama ɗaya tak, cikinsu har da wanda ya kwana a hanya. Kuma in ƙuri'a ta haɗa gwanaye biyu tun farko, ɗaya zai fita tun hantsi.

Na biyu shi ne kowa da kowa. Wannan ya fi kowane adalci, amma ga mutum 32 karawa 496 ce, wato awa 31 ba hutawa. Ba ya yiwuwa sai ga mutane kaɗan.

Na uku shi ne rukuni-rukuni, irin na ƙwallon ƙafa. A raba 32 gida 8, kowane gida mutum 4 su kara da juna, karawa 6 a kowane gida, 48 gaba ɗaya. Biyu na sama su wuce, su 16 su shiga sili ɗaya ƙwale, karawa 15. Jimla 63, cikin awa 5. Kowa ya zauna aƙalla sau 3.

Na huɗu ana kiransa tsarin Suwis, domin a birnin Zurik na ƙasar aka fara aiki da shi a 1895. Ba a fid da kowa. Bayan kowane zagaye, a haɗa mai nasara da mai nasara, wanda aka ci da wanda aka ci, kuma mutum biyu ba sa gamuwa sau biyu. Zagaye 5, karawa 80, awa 5. Kowa ya zauna sau 5, kuma a ƙarshe ba za a sami fiye da mutum ɗaya da ya ci duka biyar ɗin ba. Sai dai yana bukatar marubuci mai natsuwa, kuma ba a iya sanin abokin karawa sai an gama zagayen da ya gabata, don haka dole kowa ya riƙa komawa gaban allo.

A ganina, ga ƙasa irin tamu inda mutum ke tasowa daga nesa, na uku da na huɗu sun fi dacewa. Baƙon da ya ci ƙurar hanya bai kamata a sallame shi da zama ɗaya ba.

Kada kuma a ce mutanenmu ba za su gane ba. Mu dubi kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya yi nasara, ƙasar nan take bin tsarin da ya fi duk waɗannan yawan rassa. Jahohi 8, kowace da ƴan kokowa 10, jaha tana gamuwa da jaha, ana ƙirga waɗanda ba su faɗi ba har a kai ga biyu na ƙarshe. Tsohuwa a ƙauye, da rediyo a kunne, za ta gaya maka wace jaha ke karawa gobe da safe, da yawan mazan da suka rage wa Maraɗi. Ta gane ne domin ana maimaita mata tsarin kullum da harshenta. Abin da ya yi wa kokowa amfani zai yi wa dara.

MASU CEWA A BAR DARA YADDA TAKE

Na san akwai masu cewa dara hira ce ta gindin itace, ba ta san agogo ba, in aka sa mata takarda an kashe daɗinta. Akwai gaskiya a maganarsu. Darar ƙofar gida ba ta bukatar alƙali, kuma babu mai neman ya sa mata. Amma abin da ya ishi mutum shida da suka san juna ba zai ishi mutum sittin daga garuruwa goma ba. Inda babu rubutaccen tsari, mai ƙarfin murya da mai dangi a cikin masu shiri su ne ke zaɓen lokaci da abokin karawa, baƙo da mai kunya su cutu. Takardar da aka liƙa a gaban kowa ita ce gatan marar gata.

Waɗansu kuma na cewa mai shela ya isa. Mai shela yana da muhimmanci, kuma ba za a raba shi da taro ba. Amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, kuma kowa da yadda ya ji ta. In gardama ta tashi da la'asar, muryar da aka yi da safe ba ta nan balle a duba. Sai a haɗa biyun: a rubuta, mai shela ya karanta abin da aka rubuta.

Akwai kuma iyaye da malamai masu tsoron kada taron wasa ya zama ƙofar caca. Tsoronsu yana bisa hanya, domin mun ga gidajen da karta ta rusa. Amma caca a ɓoye take ƙiba. Taron da aka yi da rana a fili, aka rubuta dokarsa cewa ba a ɗora ko dala, aka tsayar da wasa lokacin salla, aka sa dattawa shaida, shi ne zai jawo yaro daga lungu zuwa haske. In muka ƙi shirya wa matasa wasa mai tsabta, wayar hannu da masu caca sun riga sun shirya musu nasu.

KIRA GA MAHUKUNTA DA MASU SHIRI

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan girma ne, amma girma da nauyi yake tafe. Harshen da ba a rubuta jadawalin taron gari da shi ba, har yanzu yana bakin ƙofa. Saboda haka ina roƙon ma'aikatan matasa da al'adu, da shugabannin komin, da sarakuna, da duk mai niyyar tara jama'a a gundumar Dakoro, su kula da waɗannan abubuwa.

A zaɓi lokacin da ya dace da rayuwar mutane. Bayan girbi ne manomi ke da sarari, kuma a tuna da makiyaya da lokacin tafiyarsu, a kauce wa ranar kasuwa da lokacin sallar Juma'a. A fitar da jadawali aƙalla mako biyu kafin ranar, a liƙa a kasuwa da tasha da ƙofar sarki, a karanta a gidan rediyon gari, da Hausa, da Fulatanci, da Tamashek, tun da ƙasar ta kowa ce. A rubuta lokaci iri biyu, na agogo da na baki: "ƙarfe 2 da rabi, bayan azahar". A rubuta hutun salla da na abinci a cikin jadawalin kansa, kada mutum ya rasa wasansa domin ya tafi masallaci. A sa wa kowane fage lamba babba da ake hange daga nesa, a ba kowane ɗan wasa ƴar takarda mai ɗauke da lambarsa da lokacinsa. A ja ƙuri'a a gaban jama'a. A daidaita dokokin wasa tun kafin a zauna, domin dara tana da ƴan bambance-bambance daga gari zuwa gari, a rubuta wadda za a bi. A faɗi minti nawa za a jira wanda ya makara, a kira sunansa sau uku da babbar murya kafin a yanke masa hukunci. In dole ta sa aka canza wani abu, a gyara a kan allo, a yi shela, kada a bar shi a bakin mutum biyu.

Sai babbar magana, wadda nake faɗa da ladabi. Jadawali yana hawa kan babba kamar yadda yake hawa kan ƙarami. Sau nawa muka ga an rubuta buɗe taro ƙarfe 9, jama'a suka zauna cikin rana har ƙarfe 11 suna jiran manyan baƙi? Awa biyun nan daga wasan talakawa ake yanke su. Ba daidai ba ne a kori manomi domin makarar minti goma, alhali an jira mai kujerar gaba awa biyu. In uzuri ya riƙe babban baƙo, ya aiko wakili, ko a fara wasa, a yi jawabi lokacin ba da kyauta. Ma'aikacin da ya zo kan lokaci ya koyar da darasin da ya fi jawabinsa.

KIRA GA MALAMAI DA ƊALIBAN YAƘI DA JAHILCI

Tun farkon shekarun 1960 ƙasarmu take yaƙi da jahilci da harsunan gida. An koya wa dubban mutane baƙi da wasali, da auna gyaɗa, da rubuta wasiƙa. Ina roƙon malamai su ƙara darasin karanta takarda mai layuka da na awa 24. Su zana fagen dara a allo, su rubuta kwanaki a sama, lokuta a gefe, su ce wa ɗalibi ya nuna gidan Talata ƙarfe 4. Ranar 8 ga Satumba ta kowace shekara duniya ke bikin yaƙi da jahilci. Ko da yake lokacin aikin gona ne, ana iya sanar da jadawalin gasar rani a wannan rana, ɗalibai su rubuta shi da hannunsu, kowa ya kai ƙauyensu.

Ku kuma da Allah ya buɗe wa ido, ilminku amana ne. In dattijo ya miƙo muku takarda, ku karanta da natsuwa, ku maimaita, in kuna shakka ku ce kuna shakka, ku raka shi wurin masu shiri. Gara a ce "ban tabbata ba, Baba, mu je mu tambaya" da a ba mutum amsar da za ta mayar da shi gida da baƙin ciki.

Dattijon nan da na ba ku labarinsa yana nan da ransa, an ce har yanzu babu mai zama gabansa a ƙauyensu. Burina shi ne ranar da za a sake yin taro a Dakoro, jikansa ya karanta masa takarda da Hausa, ya zauna a fagensa kan lokaci, yaran gari su ga yadda ake dasa ɗiya. In an ci shi, a ci shi a fage.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalam.